Dalilin da ke sa sakamakon gwajin jin magani sauyawa

Ka ce kana digirin digirgir a kan bakteriya masu bijire wa magani, amma faɗin zoben da ke kewaye faifan magani, wato wurin da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen ɗan faifan takardar da ke ɗauke da maganin, yana sauyawa duk sanda ka maimaita gwajin. Malam, kafin ka zargi ƙwayar, duba farantinka.

Zurfin Mueller-Hinton, wato abincin da ake zubawa a faranti don ƙwayar ta tsiro a kai, ya zama milimita 4. In bai kai ba, maganin zai bazu, zoben ya faɗaɗa, ƙwaya mai taurin kai ta fito kamar tana jin magani. Daidaita ruwan ƙwayar da McFarland 0.5, wato ma'aunin yawan ƙwaya a ruwa, ka shafa a farantin cikin minti 15, ka ɗora faifan, sai inkubeta a digiri 35, awa 16 zuwa 18. Faifan da ya sha laima, musamman na dangin fenisilin, ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa ba a buɗe kwalbar faifan sai sanyin firji ya sake ta.

Kowane zagaye ka haɗa da E. coli ATCC 25922, ƙwayar da ake tabbatar da ingancin gwajin da ita. Muddin zobenta ya fita daga iyakar CLSI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin gwajin, watsar da sakamakon ranar, komai kyansa.

Yawan sake dasa ƙwaya ma kan sa ta zubar da filasmid, wato ɗan guntun DNA mai ɗauke da gadon bijirewar. Ajiye ta asali a giliserol kashi 20, a digiri 80 ƙasa da sifili.