Amsa ga Malam mai tambayar gidajen gwamnati

Malam, da na ga tambayarka, wai jiharku ta fara sayar da fom na gidaje masu sauƙin kuɗi kana shawarar ko ka zuba kason farko, sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ni ma na taɓa tsayawa a nan.

Tsaya ka ji. Kuɗin da gwamna ya karanta a kasafi daban, wanda aka sakar wa ɗan kwangila daban. Mu an kai mu wajen gidajen, ginin ya kai linta, aka ce wata shida za a ba mu makulli. Na sayar da gonar gado, uwargida ta ba da ɗan kunnenta na zinare. Sai gwamnati ta sauya, aka kafa kwamitin sake duba rabo. Shekara uku ina sintiri. Akwai wani jami'i, har gobe idan na tuna shi raina sai ya ɓaci, kullum yana cin gyaɗa a kan fayil ɗina, ba ya ko ɗago kai, sai dai ya ce "Malam, a dawo Litinin." Ranar da na je duba gidan da aka rubuta min lambarsa, na tarar da labule a taga da akuya ɗaure a ƙofa. Yaron gidan ya ce babansa ba ya nan. Na zauna a kan bulo na rasa abin da zan je in faɗa wa Hajiya. Allah ya isa kawai.

Kada ka ba kowa kuɗi a hannu, ko da surukinka ne. Ka biya a banki, ka riƙe rasit, ka yi hoto. Ka je ka ga gidan da idonka, da rufi da ƙofa, ka tambayi masu gadi ko akwai ruwa. Ka duba rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a Kano, an gina su tun zangon 2011 zuwa 2015, gidaje masu kyau, amma wane malamin firamare ne zai iya kuɗinsu?

Af, ka duba takardar albashinka ko ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa, NHF. Idan ana cira, kana da damar neman rance daga bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ruwa kashi 6, biya har shekara 30. Maganar ruwan kuwa ka tambayi malaminka, ni ba zan yi maka fatawa ba. Ni dai daga baya fili na saya a bayan gari da kuɗin adashi, ina ajiye bulo ɗari-ɗari, siminti kuma ya haura dubu goma a 2024 ya tsayar da ni a ɗaki biyu. A ciki muke, falon ko filasta babu.