An ce ba daji ba ne, to me ya sa za a yanka ƙafar ɗana?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 26 ne, kabu-kabu yake yi a nan Maraɗi. Wata bakwai ke nan gwiwarsa ta dama na ciwo, har ta kumbura daga sama. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ɗaure, ba ta saɓa ba. Kawunsa ya ce a kai shi wajen wanzami a yi masa sakiya. Da muka je asibiti aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce akwai rami a cikin ƙashin, ga alama ba daji ba ne, amma sai an ɗebi nama an auna, sannan a yi aiki. In ba daji ba ne, me ya kawo wuƙa? Tsorona kada a cire ƙafar. Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki ba kawun nasa haƙuri, kada kowa ya kai ƙarfe mai zafi ko aska kan gwiwar nan. Sakiya ta maruru ce mai mugunya. Abin da ke damun yaron nan yana can cikin ƙashi. In aka huda fatar, ƙwayoyin cuta za su samu ƙofa su shiga, ga kuma ƙazanta a daidai wurin da likita zai tsaga gobe.

Shekarunsa, wurin da abin ya fito, da ramin da hoto ya nuna, duk sun fi kama da wani ƙari da muke kira ƙari mai manyan ƙwayoyi, saboda yadda ƙwayoyinsa ke bayyana gangama-gangama a madubin awo. Ba a cika ganinsa ba. Ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, bayan ƙashi ya gama tsawo, kuma a ƙarshen dogon ƙashi yake zama, dab da gaɓa. Kusan rabin masu shi a gwiwa yake fito musu, ko a ƙarshen ƙashin cinya ko a kan ƙashin ƙwauri. Wuyan hannu ma wurinsa ne.

Kin san yadda gara ke yi wa azara? Daga waje itace lafiya lau, ciki kuwa ta rarake shi, sai ranar da aka ɗora nauyi a ji ya ruguje. To haka ƙarin nan yake. Ba safai yake bin jiki yana yaɗuwa irin na daji ba, amma ba ya zama shiru. Yana cinye ƙashin daga ciki har ya bar ɓawo siriri kamar na ƙwai, wata rana yaro ya taka burki ko ya sauko daga matakala, ƙashi ya ɓalle a cikin gaɓa. Shi ya sa ake gaggawar aiki tun ɓawon na da ƙarfi.

Ba kowane kullutu ake wa haka ba fa. Akwai wani tsiro mai tauri da ke fito wa yara a gefen ƙashi kusa da gwiwa, wanda yakan tsaya da girma in yaron ya gama tsawo. In ba ya ciwo, ba ya danne jijiya, barinsa muke yi. Kitsen da ke dunƙulewa ƙarƙashin fata, mai laushi, mai motsi in an taɓa, shi ma sau da yawa ba ruwanmu da shi, sai in ya wuce santimita 5, ko yana da zurfi, ko yana girma da sauri.

Batun ɗibar nama kuwa, nan ne mutanenmu suka fi ƙosawa, ni kuma nan na fi taurin kai. Hoto ba ya yanke hukunci. Dajin ƙashi, da ruɓar ƙashi ta ƙwayoyin cuta, har da ramin da ciwon wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke cikin wuyan mutum ke yi wa ƙashi, duk suna iya kama da juna a radiyo. Saboda na ƙarshen nan ne ake auna sinadarin kalsiyam a jini. Ana kuma son hoton IRM, wato hoton na'ura mai maganaɗisu, domin a ga ko abin ya fasa ɓawo ya shiga tsoka, da hoton ƙirji, don ko da ba daji ba ne, a wasu 'yan kaɗan yakan leƙa huhu. Sharaɗina ɗaya: wanda zai yi babban aikin shi ne zai ɗebi naman, ko a ɗiba bisa shawararsa. Hanyar da allura ta bi takan ɗauki ƙwayoyin ƙarin, don haka dole ta faɗa cikin wurin da za a tsaga daga baya. Sakamakon kan ɗauki makonni, musamman in sai an aika Yamai. A jira shi.

In awo ya tabbatar, ga yadda aikin yake. Muna buɗe taga a jikin ƙashin, mu kwashe abin da ke ciki da wani ɗan cokali mai kaifi, kamar mai rarake duma zai yi ƙwarya. Naman laushi gare shi, ja-ja mai duhu kamar hanta. Kwashewar kaɗai ba ta isa, domin in an tsaya a nan yakan dawo wa mutum 25 zuwa 50 cikin 100. Sai mu bi bangon ramin lungu-lungu da ɗan injin gurza, mu shafa magani mai ƙona ragowar, mu wanke, sannan mu cike ramin. Wani lokaci da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun mai jinyar, wani lokaci da simintin ƙashi. A babban rami kusa da gwiwa ni na fi son simintin: yana ɗaukar zafi lokacin da yake daskarewa, zafin ya ƙara kashe abin da ya saura, yana tallafe ƙafar nan take, kuma in ƙarin ya dawo, a bakin simintin ake saurin ganinsa a hoto. In ɓawon ya yi rauni ƙwarai, a ƙara da ƙarfe da kusoshi.

Cire ƙafa a wannan ciwo abu ne da ba safai ba. Waɗanda na ga ya kai su ga rasa gaɓa, galibi sun shekara biyu ko uku ne tsakanin ɗauri da shafe-shafe. Akwai kuma wata allura, denosumab, da aka amince da ita a Amurka a 2013 domin ƙarin da ya gagari wuƙa. Tana da tsada, kuma ba ta maye gurbin aiki ga wanda ake iya yi wa.

Ku nemi likitan ƙashi a babban asibitin Maraɗi. In ya ga aikin ya fi kayan da ke hannunsa zai tura ku Yamai, wasu kuma kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya su je asibitin ƙashi na Dala a Kano. Bayan aiki akwai komawa hoto a kai a kai, don dawowarsa ta fi yawa a shekara 2 zuwa 3 na farko.

Daga yau dai ya ajiye babur, ya riƙe sandunan dogarawa, kada ya ɗora wa ƙafar nauyi. Hoton farko da aka yi masa kuma ki adana shi a jaka, kada a naɗe shi, kada rana ta buge shi. Da shi likita zai gwada sabon ya ga saurin da ramin ke faɗaɗa.