Maganin endometiriyosis da ƙiba: shin shi ke jawo ta?

'Yar'uwa, sannu da jiki. Kin tambaya ko maganin da aka ɗora ki a kai saboda endometiriyosis, wato cutar da nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, shi ne ya sa kika fara ƙiba, kuma ko zai taɓa sukari da ƙashi. Ya danganta da wane magani ne.

Idan allurar Depo-Provera ce ta wata uku-uku, ƙiba sananniyar illarta ce. Amma ƙashi ya fi damuna: tana rage ƙarfinsa, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2004 kan daɗewa a kanta fiye da shekara 2.

Zoladex da ire-irensa suna sauke sinadarin jikin mata da ake kira estirojin ƙasa sosai, jiki ya koma kamar na wadda ta daina al'ada. Ga zufa, ga jin ɗumi yana taso wa jiki, ƙashi kuma yana zaizayewa a hankali ba tare da kin ji ba. Shi ya sa ba a cika wuce wata 6 ba, sai an haɗa da ɗan maganin da ke kare ƙashi. Danazol kuwa yana rage kitse mai amfani a jini, yana iya taɓa hanta.

Kada ki daina maganin da kanki, ciwon marar zai iya dawowa. Kada kuma ki haɗa shi da maganin rage ƙiba ba da sanin likita ba.

In kina da ciwon sukari ko hawan jini, gaya wa likitan mata tun yanzu, a auna sukarinki da kitsen jininki, a duba ko sauya magani ya fi.