Tambaya da Amsa: Renon Yara a Wasan Harlin na Ayilan da Batun Adalci a Gasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a ƙasar Ayilan shekara tara ke nan, kuma ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya kamu da son wasan harlin a makaranta, har ya shiga kulob ɗin unguwarmu. Maƙwabcina ya ce yaron ɓata lokacinsa yake yi, domin gundumarmu ba ta taɓa jin ƙanshin babban kofi ba, kuma wai an tsara gasar ne yadda manyan gundumomi kaɗai za su ci moriyarta. Shin gaskiya ne, kuma yaya ake renon yara a wannan wasa? Daga wani mai karatu a arewa maso yammacin Ayilan.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Ga masu karatun da ba su san harlin ba, wasa ne mai kama da ƙwallon gora, sai dai ana cafe ƙwallon da hannu, ana kuma bugun ta a iska da sanda mai faffaɗan baki. Kowane ɓangare mutum 15 ne. Ƙwallon da ta shiga raga maki uku ce, wadda ta bi ta saman sandar raga kuwa maki ɗaya. Ƙungiyar wasannin gargajiya na Ayilan, wato GAA, wadda aka kafa a garin Thurles a 1884, ita ke riƙe da ragamarsa, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya.

Maganar maƙwabcinka tana da tushe. 'Yan wasan ba a biyan su albashi, ba a kuma sayar da su, kowa yana yi wa gundumarsa wasa ne, saboda haka gundumar da ba ta reni nata ba babu kasuwar da za ta je ta sayo. Zuwa 2025 Kilkenny ta ɗauki babban kofin gasar gundumomin Ayilan baki ɗaya sau 36, Cork sau 30, Tipperary sau 29, alhali mafi yawan gundumomi 32 na tsibirin ko sau ɗaya ba su taɓa ɗauka ba. Tsarin larduna ya ƙara karkata ma'aunin. A lardin Munster gundumomi biyar ne masu ƙarfi, Cork da Tipperary da Limerick da Clare da Waterford, suke karawa da juna, uku su wuce zuwa zagayen ƙasa baki ɗaya, biyu su koma gida tun damina ba ta kankama ba, ko da sun fi wasu da suka wuce ta wani lardin. A Leinster kuwa, inda aka shigar da Galway da Antrim a 2009 saboda ba su da abokan karawa a nasu lardunan, wadda ta zo ta ƙarshe faɗawa take yi zuwa rukuni na biyu, hukuncin da ba ya hawa kan manyan Munster. Kowane ɓangare yana da kukansa: na Munster suna cewa hanyarsu ta fi tsauri, na Leinster suna cewa su kaɗai ake kora.

Inda na saɓa da maƙwabcinka shi ne zaton da ya yi cewa tsarin gasar ne ya haifar da giɓin. An raba gundumomi zuwa rukuni biyar, kowanne da sunan kofinsa, daga babban kofi na Liam MacCarthy zuwa Joe McDonagh, Christy Ring, Nicky Rackard da Lory Meagher, domin kowa ya kara da tsaransa, kuma akwai hawa da sauka. A ganina wannan ya fi a haɗa ɗan tsako da shaho da sunan adalci. Giɓin tun daga ƙuruciya yake farawa, domin harlin wasa ne na hannu da ido, wanda bai riƙe sanda tun yana ƙarami ba da wuya ya kamo wanda ya tashi da ita. Yaron Kilkenny yana da kulob a kusan kowace unguwa da makarantu irin su St Kieran's da suka daɗe suna ƙyanƙyashe gwanaye, shi kuwa naka wataƙila kulob-kulob ɗin gundumarsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, sai ya ƙare shekara yana karawa da yara iri ɗaya.

A shekarun ɗanka yana cikin tsarin Go Games, na 'yan ƙasa da shekara 12, inda kowane yaro sai ya buga kuma ba a fafutukar kofi. Akwai sansanonin hutu na Cúl Camps, akwai bikin Féile na nGael na ƙananan matasa da aka fara a 1971, sannan akwai gasar Táin Óg da ke haɗa kulob-kulob na gundumomi masu rauni su tsallaka iyaka su kara da juna. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi shafar ku.

Misalai biyu sun isa su nuna cewa ba a rubuta wa kowa zama a ƙasa ba. Limerick ta yi shekara 45 ba ta ga kofi ba tun 1973, sai ta zuba ƙarfinta a horar da matasa, ta ci gasar 'yan ƙasa da 21 a 2015 da 2017, kuma waɗannan yaran ne suka ɗauki babban kofi a 2018, suka kuma jera huɗu daga 2020 zuwa 2023. Offaly, zakarar 1998, ta faɗi har rukuni na uku a 2019, amma matasanta suka kai wasan ƙarshe na ƙananan 'yan wasa a 2022, suka ci kofin 'yan ƙasa da 20 a 2024, shekarar da manyansu suka ɗauki Joe McDonagh suka koma sahun gaba. Sai dai a faɗi gaskiya, duka biyun suna da tsohon tushe, farfaɗowa suka yi, ba daga fili suka fara ba. Shawarata ita ce ka bar yaron ya ci gaba, ka tambayi mai horar da su wasa nawa suke samu a shekara da kuma ko kulob ɗin yana cikin Táin Óg, ka kuma bar shi da bangon bayan gida, domin bugun ƙwallo a bango shi ne atisayen da gwanayen wasan suka tashi da shi.

Tambaya: Na ji an rage shekarun gasar ƙananan 'yan wasa. Me ya jawo hakan? Daga wata mai karatu a Dublin.

Amsa: Haka ne, Hajiya. Daga 2018 gasar gundumomi ta ƙananan 'yan wasa ta koma ta 'yan ƙasa da 17 maimakon 18, ta 'yan ƙasa da 21 kuma ta koma 20 a 2019. Dalilin shi ne rage wa yara gajiya, domin gwani guda yakan yi wa makaranta da kulob da gunduma wasa a lokaci ɗaya, ga kuma jarrabawar kammala sakandare a kansa. Masu suka suna cewa an ɗora wa ɗan shekara 16 nauyin idon jama'a tun bai ƙosa ba, kuma tazarar da ke tsakanin 17 da 20 tana sa wasu su ajiye sanda, musamman a ƙananan kulob-kulob da ba su da yawan matasan da za su cike ƙungiya a kowane mataki.