Tambayi Baba: In Je Makokin Surukina Ko In Yi Zamana?

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina zaune a Tudun Wada, Jos, da maigidana da yara uku. Surukina ya rasu a ƙauyensu wajen Pankshin, kuma har ya bar duniya yana bin addinin kakanni. Wata mai zuwa za a yi taron tashi daga makoki: za a dafa burkutu, a yanka akuya, a yi kiɗa, mu matan 'ya'ya mu yi girki. Matan zumuntarmu sun ce in na je na ci amanar Ubangiji. Faccalolina kuwa, 'yan wata ekklisiya dabam, za su je, mazansu ma za su sha. Yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ni ina ganin ba su tuba ba, su kuma suna mini laƙabi da "mai tsarki". Uwar mijina ba ta karɓi bishara ba tukuna. Yaya zan yi?
Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada

AMSA: 'Yata, Allah ya ta'azantar da ku. Ki je. Na faɗa tun da wuri don kada ki yi ta laluben amsa a ƙasan shafi.

Ina saurayi, fitowata ke nan daga makarantar Littafi Mai Tsarki, kai cike da ayoyi, na je gida bayan irin wannan taro. Gwaggona ta kawo mini tuwon acca da nama a kai. Na ce, "Gwaggo, na akuyar jiya ne?" Ta ce e. Na ture kwanon da bayan hannu, a gaban jama'a. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki faifai ta rufe abinta. Shekara tara, da na buɗe baki zan ambaci Yesu sai ta tuna tana da aiki a bayan gida. Wadda ta kai ta ga bangaskiya wata tsohuwa ce daga ekklisiyar da nake rainawa, mai ɗebo mata ruwa lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Har yau ina jin kunyar kwanon nan.

Ki raba abu biyu. Zaman makoki, girki, wanke tukwane, durƙusa wa manya, duk zumunci ne, kuma ya hau kanki. Amma in aka zo zuba jini ko giya ana roƙon matattu, wannan sujada ce, sai ki ja jiki. Bulus ya warware batun nama a 1 Korantiyawa 10:27-28: in marar bi ya gayyace ku, ku ci abin da aka kawo ba tare da tone-tone ba, amma in aka ce an miƙa shi hadaya, ku bari. Ni tonawa na yi. Ku je wurin uwar mijinki ke da maigidanki tun kafin ranar, ki durƙusa ki ce, "Mama, duk aikin gidan nan nawa ne, wurin yanka kawai zan tsaya baya." Tsofaffi sun fi mu gane irin wannan magana.

Burkutu kuwa, ni ba na sha, na kuma ga gidajen da ya rusa. Afisawa 5:18 ta hana buguwa ƙarara. Ki ƙi sha, ki ƙi dafawa in zuciyarki ba ta kwanta ba. Sai dai hukunta wanda ya tuba da wanda bai tuba ba, ba a ba ki wannan kujera ba; karanta Romawa 14 a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne ke da faccalolinki. Sunayen ekklisiyoyin nan da muke tinƙaho da su jiya-jiya aka raɗa su. 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, Karl Kumm da 'yan mishan na SUM suka sauka Wase a 1904, ekklisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar ekklisiyoyi ta TEKAN a 1955. Tun 1932 kuma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi Berom da Ngas da Tarok da Bahaushe suke buɗewa ran Lahadi. Uwar mijinki ba ta san waɗannan haruffa ba. Abin da ta sani, matan 'ya'yanta masu zuwa coci ba sa ga maciji. Da wane baki za ki kira ta? Yesu ya roƙa a Yohanna 17:21 mu zama ɗaya domin duniya ta gaskata, duniyar kuwa a nan tsohuwar nan ce.

Wannan Asabar ki je gidan babbar faccalarki, ki fara gaishe ta. Ku haɗa kuɗin shinkafa da manja, ku shiga mota ɗaya. A can ki riga kowa share ɗakin Mama. In dare ya yi, ku roƙi izininta ku rera waƙar zumunta ɗaya da duk kuka iya. In ta ce a'a, ku bari sai wani zuwan.