Amsa ga tambayar ko kotu ta fi yi wa mata sassauci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne mace na samun sassauci a kotu fiye da namiji. Na daɗe ina aikin taimaka wa masu jiran shari'a, bari in faɗi abin da idona ya gani.

A wajen yanke hukunci, e, akan samu alƙali ya tausaya, musamman ga mai ciki ko mai goyo, ko wadda wannan ne laifinta na farko. Amma da zarar an rufe ƙofa, lissafin ya juye. Mata kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai na fursunonin duniya, don haka gidan yari da namiji aka tsara shi, ita ɗan ɓangare ake yanka mata. Gidajen mata zalla kaɗan ne, sai a kai ta nesa da danginta, ziyara ta yanke. Kuma na lura, idan miji ne a ɗaure, matarsa ba ta fasa zuwa. Idan ita ce a ciki kuwa, da wuya ka ga ƙeyarsa, wani ma takardar saki zai aiko. 'Ya'yan sai a rarraba su gidajen dangi, wasu su bar makaranta. Wannan duk ba ya cikin takardar hukunci, amma tana biyansa.

Shi ya sa a Disamban 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Bangkok, guda 70, kan yadda za a riƙa kula da mata fursunoni. Sun ce mace ce za ta caje jikin mace, a ba su audugar mata kyauta, kada a sa wa mai naƙuda ankwa, sannan a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki ko mai ƙananan yara idan laifin ba babba ba ne. Ka duba fa, sai da aka rubuta a takarda cewa kada a ɗaure mai haihuwa! Matsalar ita ce ƙa'idojin ba su tilasta wa kowace ƙasa, kuma gandirobobi da dama da na yi hira da su ba su taɓa jin sunansu ba.

Maza ma suna da nasu kukan, ban musa ba. Yaro matashi ya fi saurin shan kamu, kuma namijin da aka ci zarafinsa, dariya ake masa kafin a saurare shi. Amma idan za ka auna sassauci, kada ka tsaya kan shekarun da alƙali ya furta, ka tambayi wa ke riƙe da 'ya'yanta da kuma wa ya tsaya mata beli.