Na cire filogi, na sauke cajin, amma kwalabe sun ja ni

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan koyon gyaran talabijin ne a Aboabo, nan Kumasi. Na haɗa kafasita, wato ma'ajiyar cajin wuta, da kwalabe shida, ruwan gishiri a ciki, takardar alminiyam a baya, ina caja su da fulaibak, taransifomar babbar wuta ta tsohuwar talabijin. Shekaranjiya na cire filogi, na haɗa bakunan da sukundireba har ya yi tartsatsi. Jim kaɗan na taɓa wayar, sai wuta ta ja ni, hannuna ya sage har kafaɗa, gabana yana ta faɗuwa. Maigidana ya ce in sha madara, zai wuce. Abokina kuma ya ce zai samo mini taransifomar maikurowef a Suame Magazine, unguwar makanikai, don tartsatsin ya fi girma. Me ya faru? Ina cikin tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Jikinka tukuna. In har yanzu zuciyarka tana bugawa ba daidai ba, ko ƙirji na ciwo, ko ka ji jiri, ko hannun bai sake ba, ka tafi asibiti yau a duba bugun zuciyarka. Asibitin Komfo Anokye ba nisa daga gare ku. Madara ba ta da wani aiki a nan. Wuta ta bi ta jijiya da tsoka, madara kuwa ciki za ta, ina suka haɗu?

Abin da ya same ka kuwa shi ne abin da nake fama da shi kullum a shagunan gyara: wai da an cire filogi an ga tartsatsi sau ɗaya, kafasita ya mutu. Bai mutu ba. Gilashi yana shanye wani ɓangare na cajin, tartsatsin nan na ƙiftawar ido yana kwashe na sama ne kawai, sauran ya dawo kan alminiyam a hankali cikin 'yan mintuna. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ma haka take yi, shi ya sa tsofaffin masu gyara suke sauke ta sau biyu sau uku. Ga kuma kwalabe shida da ka haɗa da hannu: in waya ɗaya ta yi sako-sako, wannan kwalbar ba ta san an sauke 'yan uwanta ba, cike take.

Ka yi lissafin da kanka, rabin C sau V sau V: C girman kafasita ne a farad, V bolt ne, amsar kuma ƙarfin da ya riƙe ne a jul. Kwalba ɗaya wajen nanofarad 1 ce, a bolt 20,000 ta riƙe jul 0.2. Shida sun ba ka jul ɗaya da 'yan kai, ka kuma ji yadda ya yi maka. To ka dubi babban kafasitan da ke kan fawa bod, allon da ke raba wa talabijin wuta, wanda kuke kwancewa kullum. Wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, bolt 230 ce, idan ta bi ta diyod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, tana caja shi zuwa kusan 325. Mai maikurofarad 220 ya riƙe fiye da jul 11 ke nan, kusan ninki goma na kwalabenka, alhali bai fi babban yatsa ba. Kuma an ɗauke wuta a unguwa ko ba a ɗauke ba, babu ruwansa. Sau nawa ake ce wa yaro, ai dumso ne, an ɗauke wuta, buɗe kawai?

Ana cewa ai akwai resista a ciki da ke zubar da cajin. Akwai, in ba ta ƙone ba. Na'urar da aka kawo gyara fa lalatacciya ce, wa ya ba ka tabbacin ba resistar ce ta fara mutuwa ba? Sukundireba kuma ba kayan sauke caji ba ne: yana cinye bakin ƙarfe, yana iya fasa kafasita, narkakken ƙarfe ya fantsamo a ido.

Na fawa bod, ka sa resista kilo-om 10 mai wat 5, ka riƙe ta daƙiƙa 15, ka auna da mita. Na kwalabe ba haka ba. Resista ɗaya ta kasuwa ba ta jure dubban bolt, wutar tsallake ta take yi, sai a jera da yawa ko a nemi ta babbar wuta, a ɗaura a kan doguwar sandar roba busasshiya. Mitarka ma iyakarta bolt 600 ko 1,000, kada ka kai ta wurin. Bayan ka sauke, ka ɗaure bakunan biyu da waya ka bar ta a ɗaure har ranar da za ka sake aiki. Hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Silifa ba ta tare bolt 20,000.

Taransifomar maikurowef kuwa, ka ce wa abokinka ya bar ta a Magazine. Fulaibak ƙarfin kwararar wutarsa kaɗan ne, shi ya sa kake raye kana rubuto mini. Ita wannan tana ba da wajen bolt 2,000 da ɗaruruwan miliyamfiya ba yankewa, alhali 'yan gomomi sun isa su rikita zuciya. Tana damƙe hannu ba ka iya saki, kuma birekar gida ba lallai ta faɗi ba, don a wurinta aiki kawai taransifomar take yi.

Ku kuma iyayen gidan sana'a, ku ji tsoron Allah. Iyaye sun kawo muku yaransu amana daga Asawase, daga Sabon Zango, daga Tafo, ba ku koya musu ko yadda ake sauke kafasita ba, wuta ta ja su ku aika a sayo madarar gwangwani. Kada yaro ya taɓa babbar wuta shi kaɗai a shago. In ta kama wani, a kashe ta daga tushe kafin a taɓa shi, a kira lambar gaggawa 112, in ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya iso.